Mai Neman Ƙuri'a Da Ƙofar Gidansa

In lokacin zaɓen ƙananan hukumomi ya gabato a ƙasar Gumel, bango ne ke fara sani. Tun daga cikin garin Gumel har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba katangar makaranta, ko rumfar kasuwa, ko gindin darbejiya da za a bari ba a manna mata takarda mai hoton ɗan takara ba. Rana ta dake ta har ta koɗe, damina ta zo ta jiƙa ta, zaɓe ya wuce da daɗewa, amma wanda ya sa aka manna ba ya aiko kowa ya ɓamɓare. Wani lokaci ma a kan ga hoton mutum yana murmushi a jikin katangar da ta tsage tun daga sama har ƙasa, in aka tambaya ko katangar wane ne, sai a ji ashe tasa ce.

Daga nan ne wata gardama ta kan tashi a majalisun dattawa bayan sallar la'asar. Waɗansu su ce, mutumin da ya kasa gyara ƙofar gidansa ba shi da bakin neman a ba shi gari ya gyara. Waɗansu kuwa su ce wannan shisshigi ne, gida na mai gida ne, abin da a ke nema wurin ɗan takara shi ne gaskiya da sanin aiki, ba shara ba. Ko wane ɓangare yana da hujja, kuma maganar ta fi ƙarfin a yanke ta da ba'a, gama ƙuri'a shaida ce, mai jefa ta kuwa za a tambaye shi abin da ya dogara da shi.

Doka dai ba ta shiga wannan magana ba. Tana tambayar ɗan takara shekarunsa, da iliminsa, da ko ɗan ƙasa ne, da jam'iyyar da ta tsai da shi. In ya ci zaɓe, shugaban ƙaramar hukuma ne ko kansila, wajibi ne ya rubuta wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata dukiyar da ya mallaka, gidaje nawa, gonaki nawa, filaye nawa. Watau hukuma tana son ta san yawan gidajensa, amma ba ta tambayar halin da su ke ciki. Wannan an bar wa maƙwabta.

To, mene ne aikin da mutumin nan ya ke nema a ba shi? Tsarin Mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a Jadawali na 4, kuma duk wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karatu ya kamata ya nemi a nuna masa wurin. Akwai kula da maƙabarta, da mayanka, da kasuwa, da tashar mota, da bayan gida na jama'a. Akwai hanyoyin cikin gari, da fitilunsu, da magudanan ruwa, da kwashe shara. Akwai sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Akwai sa hannu cikin makarantun firamare da karatun manya da ɗakunan shan magani. Har ma tsara yadda a ke kafa allunan talla a waje yana cikin jerin, watau takardun nan da ɗan takara ya ɓata bangon makaranta da su, hana irinsu yana cikin aikin da ya ke roƙo. Wanda ya karanta jerin da natsuwa zai ga abu guda: kaɗan ne a cikinsa a ke yi sau ɗaya a gama. Kusan duka aiki ne na maimaitawa. Kwata da aka yashe bana za ta cika baɗi, shara da aka kwashe ran Asabar ta dawo ran Litinin, famfon tuƙa-tuƙa ya kan lalace ba tare da ya yi sallama ba.

Irin wannan aiki kuwa ba inda Bahaushe ya ke koyonsa kamar jikin gidan ƙasa. Gidan ƙasa ba a gama gina shi. Magini ya jera tubali, ya ɗora azara, ya yi daɓe, ya karɓi ladansa ya tafi, amma daga ran nan mai gida ya shiga bashi da ba ya ƙarewa. Ko wace shekara kafin ruwa ya sauka, sai ya hau kan soro ya dubi inda ya dare, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya toshe. Sai ya duba indararo ko ya karkace, domin in ya karkace ruwa ba zai tsallake bango ba, jikinsa zai bi yana ci a hankali. Sai ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta shige ta. Sai ya tona rariya, ya tara ƙasa a gindin katanga don kada ruwa ya kwanta ya jiƙa tushe. Sa'an nan a yi yaɓe, mai hali ya sa makuba, marar hali ya yi da abin da ya samu. A ƙasa mai rairayi irin ta arewacin Jigawa abin ya fi wuya, gama ƙasar gini mai danƙo ba ko'ina a ke samunta ba, sai an ɗauko a jaki ko amalanke. Duk wannan wahala kuwa ba wanda zai yabe shi a kanta. In ya yi, damina ta wuce lafiya, ba abin da ya faru, ba kuwa a yi wa mutum kirari don abin da bai faru ba. In bai yi ba, mai yiwuwa ne bana ya tsira, baɗi ma ya tsira, sai shekara ta uku a tsakar dare a ji rugugi. Kusan ko wace damina a kan ji labarin ɗakin da ya rufta wa masu barci a wani gari na jihar, kuma yawanci tsagar ta daɗe ana ganinta. Bulo da siminti da kwano sun rage wannan aiki, amma ba su kashe shi ba. Ƙusa ta kan saki, iskar bazara ta kan yaye kwano, siminti ma ya kan dare.

Saboda haka mutumin da ya saba hawa soro ko wace bazara ya riga ya koyi abin da ba a koyarwa a wurin yaƙin neman zaɓe. Ya san a kan kashe kuɗi kaɗan yau don kada a kashe da yawa gobe, ya san aikin da ba a gani shi ke riƙe da wanda a ke gani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai gidan ƙasa ya san wannan magana da hannunsa tun kafin ya ji ta da kunne.

Amma fa gida kashi biyu ne, kuma a nan ne masu gardama su kan rikita magana. Akwai abin da ke na mai gida shi kaɗai, kamar shimfiɗar ɗakinsa, da fentin zaurensa, da ko tsakar gidansa daɓe ne ko turɓaya. Wannan ba ruwan kowa. Akwai kuma wurin da gidansa ya taɓa na wani, ko ya taɓa hanya. Indararonsa ina ya ke zuba, kan lungu ko cikin gidan maƙwabci? Ruwan wanka da na wanke-wanke da ke fita ta rariyarsa, ya haƙa masa rami ko ya sake shi yana malala inda yara ke wasa? Masansa yana nesa da rijiyar unguwa? Katangarsa da ta sunkuya kan hanya, ya tokare ta ko yana jiran ta zaɓi wanda za ta faɗa wa? Filin da ya saya ya ajiye don ya yi tsada, ya kewaye shi ko ya zama juji da mafakar macizai? Duk waɗannan dukiyarsa ce, amma cutarsu a kan wasu ta ke sauka. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan haƙƙin maƙwabci game da bango da magudanar ruwa da hayaƙi, alƙalai kuma sun sha yin hukunci a kai, ko wane ɗan makarantar allo kuwa ya ji cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Wannan kashi na biyu shi ne mai zaɓe ya ke da ikon dubawa, gama a nan ne mutum ya ke nuna yadda ya ɗauki waɗanda ba su da ikon tilasta masa kome.

Masu kāre 'yan takara su kan ce, in aka bi wannan, ai talaka ba zai taɓa tsayawa zaɓe ba, sai mai gidan bene. Wannan tsoro ne mai kyau, sai dai ya saɓa wa abin da a ke nufi. Ba kyan gida a ke dubawa ba. Malam Aminu Kano ya shugabanci jam'iyya, ya yi minista, ya tsaya neman shugabancin ƙasa a 1979, amma har ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 gidansa na Gwammaja ba wani abin kallo ba ne, ba kuwa wanda ya taɓa cewa wannan ya rage masa daraja. Gidan nan na Mumbayya yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Tsintsiya ba ta da tsada, ramin ruwan wanka kuwa fartanya ce ke haƙa shi. Sau da yawa ma mai kuɗi ne ya fi faɗuwa a wannan jarrabawa. A kan ga mutum ya rushe gidan ƙasa ya ɗora ginin siminti, ya cika tushe da ƙasa har ya fi na kowa tudu, ya shafe ƙofar gida da siminti, ya ci taku biyu daga cikin hanya, ya toshe inda ruwan unguwa ya saba bi tun zamanin kakanni. Gidansa ya yi kyau ƙwarai. Ruwan da ya kora kuwa yana ɗakin tsohuwar da ke bayansa. Wanda ya tsaya a bakin titi zai ce ga mai tsabta, wanda ya zagaya lungu zai ga wani abu dabam.

Wata hujja ita ce, in 'yan takara suka gane ana duba ƙofar gida, sai ko wanne ya sayi fenti wata biyu kafin zaɓe. Haka ne, za su yi, waɗansu ma suna yi tun yanzu. Amma fenti ba ya rufe shekara goma. Maƙwabci ya san ran da aka fara sharar, ya san sau nawa ya kai ƙara wurin mai unguwa ko bulama kafin a gyara rariya, ya san ko mutumin ya kan fito da shebur ran aikin gayya ko ya kan aiko da goro ya ce a yi masa uzuri. Zaɓen kansila ya bambanta da na shugaban ƙasa ta nan. Shugaban ƙasa a rediyo a ke jinsa, kansila kuwa an san uwarsa, an san inda akuyarsa ke kwana.

Akwai kuma masu cewa bin diddigin gidan mutum leƙen asiri ne, addini ya hana. Gaskiya ne ya hana, shi ya sa aka ce a tsaya a waje. Dattawa suna tuna zamanin En'e, sa'ad da duba-gari ke shiga gida har ɗakin girki, ya leƙa randa, ya leƙa masai, in ya ga ƙazanta a kai mai gida gaban alƙali a ci shi tara. Mata su kan ji ya shigo unguwa su yi ta guje-guje suna kifar da tukwane. An sami tsabta, amma ta tsoro ce, da tsoron ya tafi ta bi shi. Haka aka sake gani a 1985, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙara tsabtace gari cikin yaƙinta da rashin ɗa'a, aka hana fita da safiyar Asabar sai an yi shara. Mai zaɓe ba duba-gari ba ne, ba shi da izinin wuce zaure, ba ya kuma bukata. Abin da mutum ya zubo kan hanya shi da kansa ya fitar da shi daga sirri.

Hujjar da ta fi duka nauyi ita ce ta ƙarshe. A kan sami mutum mai tsabta, ƙofar gidansa kamar a ci tuwo a kai, bai taɓa cutar maƙwabci da ɗigon ruwa ba, amma in aka ba shi baitulmali ya cinye. Lalle akwai irinsu, kuma ba wata tsintsiya da za ta tona su. Don haka wannan awo ta gefe ɗaya ya fi aiki. Gyaran ƙofar gida bai isa shaidar amana ba, amma sakin cuta a kan maƙwabta shekara da shekaru, bayan an yi magana an kuma, ya isa shaidar rashinta. Ko a nan ma sai an yi adalci. Wani gidan haya ya ke zaune, mai gidan ya ƙi gyara. Wani gidan gado ne, magada goma, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sa kuɗi. Wani ciwo ya kwantar da shi daminar da katangar ta zube. Sai a tambaya kafin a yanke. In kuwa aka ce ai shi a Kano ko Dutse ya ke zaune, shi ya sa gidansa na gari ya zama kango, to, amsar ta haifi wata tambaya, ko daga ina zai riƙa kula da kwatar garin.

Mutanen wannan yanki ba su bukatar a kai su nesa don su ga bambancin gini da riƙo. Maigatari tana bakin iyakar Nijar, kan hanyar Dungas da Damagaram, kuma kasuwarta ta ran Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan: raƙuma da shanu da tumaki da dawaki daga Nijar da gaba da ita, ga riɗi da zoɓo, ga manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Saboda wannan albarka ne wajen shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka keɓe fili a can aka mai da shi yankin ciniki da aka ɗauke wa harajin kwastan, aka yi gine-gine don masana'antu da ajiyar kaya, da nufin a riƙa sarrafa amfanin gona a fitar da shi waje. Ginin ya tashi, amma shekaru da yawa suka wuce wurin bai yi aikin da aka zata ba, har gwamnatin da ta hau a 2023 ta sake ɗaukar maganar farfaɗo da shi. Ba za a ɗora wannan a kan wani kansila ba, don wurin ba na ƙaramar hukuma ba ne, kuma akwai dalilan da suka fi ƙarfin jiha ma. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk da haka, wanda ya kwatanta wuraren nan biyu zai yi tunani. Kasuwar Alhamis ba ta da wani gini na a zo a gani, amma tana ci, don ko wane mako akwai dillali da mai shara da mai ruwa da ɗan dako da su ke komawa kan aikin jiya. Abin da aka gina da kuɗi mai yawa kuwa, in ba a sami masu komawa kansa kullum ba, rairayi da gara ba su jiran a daidaita siyasa.

Wani ɓangare na laifin yana ga yadda a ke rabon yabo. Wanda ya gina sabon aji a kan kafa allo da sunansa, a kira maroƙa, a yanka zare da almakashi. Wanda ya mayar da kwanon tsohon aji da iska ta yaye ba ya samun ko hoto. To, mai neman suna wanne zai zaɓa? Shi ya sa a kan ga sabon ɗakin shan magani kusa da tsoho da aka bari ya mutu, a ga rijiyar burtsatse uku a ƙauye ɗaya, biyu ba su ba da ruwa saboda ɗan ƙarfen da kuɗinsa bai kai na rago ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ke wuyan shugaba, tare da gina garuruwa da gadoji. Gumel ba ta shiga daular Sakkwato ba, Barno ta ke bi, amma wannan magana ba ta da iyakar ƙasa. Ganuwar ko wane birni a da, da gayya a ke yi mata yaɓe, ko wace unguwa da rabonta, kuma ganuwoyin ba yaƙi ne ya rushe yawancinsu ba, daina yaɓen ne.

Yanzu kuwa abin ya ƙara nauyi. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa ba su kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Gwargwadon yadda aka bi wannan hukunci, gwargwadon yadda dukiya za ta ƙaru a hannun mutanen da a ke magana a kansu. A watan Oktoba na shekarar 2024 Jigawa ta yi zaɓen ƙananan hukumominta 27, jam'iyya mai mulki ta ɗauki kujerun shugabanni duka. Mai karatu zai iya cewa, in haka zaɓen ya ke fita, duban ƙofar gida me zai ƙara? Amsa ita ce, in akwati ba ya canja kome, to, ainihin zaɓen yana can baya, ran da shugabannin jam'iyya na mazaɓa da dattawa su ke zama su fitar da sunan wanda za a tsayar. Masu wannan zama mutanen unguwa ne, ƙafarsu ta taka ruwan rariyar ko wane mai nema. In sun yi shiru a nan don kunya ko don abin goro, kukan da za su yi daga baya a kan kwata da shara ba shi da mai saurare.

Mai dubawa shi ma yana da ƙofar gida, kuma ɗan takara yana da ikon ya mayar masa da tambayar. Unguwar da kowa ke zuba shara a magudana da dare, ko wa aka zaɓa mata sai ta yi ambaliya. Sai dai wanda bai nemi kome ba, laifinsa tsakaninsa da maƙwabcinsa ne, wanda kuwa ya manna hotonsa a bango ya ce a ba shi amanar kasuwa da maƙabarta da makaranta, shi ya kira mutane su dube shi.

Lokacin duban kuma ba ranar da ya ke raba atamfa da sabulu ba ne, ba kuma da rani ba, sa'ad da ko wane lungu ya bushe ya yi kama da ɗan'uwansa. A bari sai cikin watan Agusta, daren da aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye, kafin rana ta shanye shaida, a zagaya ta bayan gidan, a dubi inda indararo ya haƙa rami, a bi sawun ruwan a ga ƙofar da ya shiga. In an tarar da wata mata a can tana kwarfe ruwa daga ɗakinta da ƙwarya, sai a gaishe ta, a tambaye ta daminar bara yaya aka yi, da ta bara waccan.